Tabbacin Zama a Gida da Gona: Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Daga cikin ƙararrakin da su ke yawan zuwa zauren Hakimi akwai ta gida da ta gona. Wani ya zo ya ce ya shekara ashirin cikin gidan haya, yau an ba shi kwana uku ya kwashe kayansa. Wata ta zo ta ce mijinta ya rasu, ba ta ko gama takaba ba an ce ta bar kwatas. Wani kuma ya ce gonar da ya ke nomawa ubansa ne ya saya, alhali kuwa abokan shari'arsa sun rantse aro ne. In aka bincika sai a tarar yawancin waɗannan rigingimu tushensu ɗaya, watau ba a rubuta kome ba ran da aka ƙulla maganar, ko kuwa an rubuta amma ba a fayyace irin zaman da aka ba mutum ba.

Wannan darasi zai bayyana abin da a ke nufi da tabbacin zama, da yadda doka ta tsara shi, da aikin da ya rataya a wuyan Hakimi da malaminsa game da shi.

1. MA'ANAR TABBACIN ZAMA

Tabbacin zama shi ne mutum ya sani, tun ran da ya shiga gida ko ya sa fartanya a gona, iyakar lokacin da aka ba shi, da abin da zai biya, da laifin da zai sa a tashe shi, da hanyar da za a bi kafin a tashe shi. Ba lalle sai mutum ya mallaki wuri sa'an nan ya sami wannan tabbaci ba. Sau da yawa ɗan haya mai takarda a hannu ya fi wanda ya sayi fili ba shaida kwanciyar rai.

Amfanin tabbacin kuwa bai tsaya ga mai zama kaɗai ba. Manomin da bai sani ba ko baɗi gonar tana hannunsa, ba zai kai mata taki ba. Ɗan hayan da ya ke jiran kora kowace safiya ba zai yaɓe katanga ba, ba zai gyara indararo ba. Ta haka gona ta kan mutu, gida ya zube, mai wuri da mai zama duka su yi hasara.

2. ABIN DA YA SA MAGANAR TA YI NAUYI A WANNAN ƘASA

Tsakanin 1927 da 1929 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ta ratsa Funtuwa. Kamfanin auduga na Ingila, wanda mutane su ke kira Bisije, ya kafa injin gurza a Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska, da Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina. Sai baƙi suka yi ta kwararowa, fatake da 'yan ƙodago da ma'aikatan reluwe, kowa kuwa da bukatar ɗaki. Reluwe da En'e da kamfanoni suka gina wa ma'aikatansu kwatas, sauran jama'a suka kama haya.

Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin mota, gona ta yi daraja, masu kuɗi na birni suka shiga neman ta. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, don ba a yanke ta ba sai ran 23 ga Satumba 1987. Gwamnan Kaduna na 1979 zuwa 1981, Alhaji Balarabe Musa, ya kafa hukumar binciken filaye don ta saurari kukan manoma a kan gonakin da suka ce an raba su da su.

Tun daga wajen 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka sa mutane da yawa suka baro ƙauyukansu, suka shigo manyan garuruwa. Wannan ya haifi matsala biyu a lokaci guda: ɗakunan da suka shiga a gari, sau da yawa bisa alkawarin baki, da gonakin da suka baro a baya.

3. DOKOKI UKU NA ƘASA

Kafin zuwan Turawa ƙasa amana ce a hannun Sarki. Dagaci ko mai unguwa shi ke yanka wa baƙo fili ko daji, in ya share ya gina ko ya noma, ya zauna a kai, 'ya'yansa su gada. Dokoki uku suka biyo baya, kowace ta ɗora a kan wadda ta gabace ta.

Ta farko ita ce ta 1910, wadda aka sabunta a 1916. An yi ta ne bayan binciken wani kwamiti da aka kafa a Landan a 1908, zamanin Gwamna Girouard. Ta ce dukan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Abin da mutum ya ke da shi iznin zama ne da amfani.

Ta biyu ita ce Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962, wadda Majalisar Jihar Arewa ta kafa zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ta mai da ikon hannun Minista, ta kuma san izni iri biyu: na doka, wanda a ke ba da satifiket a kansa, da na gargajiya, wanda En'e ta ke lura da shi.

Ta uku ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta ran 29 ga Maris 1978, zamanin Janar Obasanjo. Da ita a ke aiki har yau a dukan Nijeriya, Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya kare ta. Ga abin da ya wajaba malamin Hakimi ya haddace daga cikinta:

(a) Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni ne yana hannun Gwamnan Jiha, shi ke ba da satifiket. Na gidan zama yawanci shekara 99 a kan rubuta.

(b) Filin karkara yana hannun Ƙaramar Hukuma. Tana iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna.

(c) Wanda dokar ta tarar a gidansa ko gonarsa ta bar shi a kai, ko da ba shi da satifiket.

(d) Sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna in iznin na doka ne, ko ta Ƙaramar Hukuma in na gargajiya ne. A 1989 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, ta yanke cewa jinginar da aka yi wa banki ba da yardar Gwamna ba ba ta da ƙarfi, ko da ya ke mai gidan ya mallake shi tun kafin dokar.

(e) Gwamnati tana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma sai ta ba da sanarwa, ta biya diyyar gini da shuka.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen En'e, da wannan doka ta 1978, rabon fili ya fita daga hannun Hakimi. Abin da ya rage masa shaida ne da shawara da sulhu. Waɗannan kuwa ba ƙananan abubuwa ba ne, gama shi da dagatansa su suka san iyaka, su suka san wanda ya riga wani.

4. IRE-IREN RIƘO

Riƙon gida ko gona kashi biyu ne. Akwai na dindindin, watau gado da saye da kyauta. Akwai kuma na wani lokaci, watau haya da aro da jingina da riƙon amana da noma-mu-raba. Kusan dukan rigima daga rikita waɗannan kashi biyu ta ke tasowa.

Aro shi ya fi haɗari. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa sun san zanen aro ba ya rufe katara, amma in suka rasu sai 'ya'yan mai aro su tashi sun ga ubansu yana noma wurin tun suna goye, su ɗauka gado ne. Don haka ne magabata suka hana mai aro dasa itace, suka kuma sa ya riƙa kai wa mai gona ɗan damin hatsi bayan girbi, domin kowace shekara a tuna mai wuri. Al'ada kuma ba ta yarda a karɓe gonar aro da shuka a cikinta ba, sai an kau da amfani.

Jingina ba ta zama saye kome daɗewarta. Ran da mai gona ko magajinsa ya kawo kuɗin, gona ta koma. Malaman fiƙihu da yawa sun soki cin amfanin gonar jingina, don suna ganin riba ce a kan bashi. Saboda haka ya kamata a mai da irin wannan magana ga alƙali tun kafin a ƙulla ta.

Game da gonakin waɗanda suka yi gudun hijira, ya kamata dagatai su gane gudun tsira da rai ba saki ba ne. In za a ba wani ya noma kafin mai ita ya komo, a nemi yardarsa, a rubuta cewa aro ne ko amana, shekara kaza.

5. GIDAJEN GWAMNATI

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Gidaje a 1973. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya soma shirin gina gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha don masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda har yau a ke kira gidajen Shagari. Shirin ya tsaya da juyin mulkin ran 31 ga Disamba 1983, an kuma gina da yawa daga cikin gidajen nesa da gari, har waɗansu suka daɗe ba kowa. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda a ke cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci don ya sami damar rancen gida. A 2003 kuma Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar biyan ma'aikatanta kuɗin gida maimakon ba su kwatas, ta shiga sayar da gidajenta, ta fara tayi ga waɗanda ke ciki.

Abin lura shi ne, zama cikin gidan Gwamnati iri uku ne, ko da ya ke ginin ɗaya ne a ido.

Na ɗaya gidan aiki, kamar kwatas na malaman makaranta ko na asibiti. Zamansa yana tare da aikin. In aka yi wa ma'aikaci canjin wuri, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, iznin ya ƙare.

Na biyu gidan haya, inda Gwamnati ta ke matsayin mai gida. Mai zama ɗan haya ne, yana da haƙƙin ɗan haya, amma kome yawan shekarun da ya biya gidan bai zama nasa ba.

Na uku gidan da a ke biya sannu a hankali har a mallaka. Nan ne aka fi yin kuskure. Takardar rabo da aka ba mutum ran da ya shiga ba satifiket ba ce, alkawari ne mai sharaɗi. In ya sayar da ita tun bai gama biya ba, mai saye yana iya wayar gari da takarda mai sunan wani, da bashin da bai san da shi ba. In kuwa ya gama biya bai nemi takardar ƙarshe ba, magadansa ne za su sha wahala.

Sauran ƙasashe ma sun yi fama da wannan magana. A Ingila dokar 1980 ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi tabbacin zama muddin ransu in sun kiyaye sharuɗɗa, ta kuma ba su ikon sayen gidan da rangwame. Da gidajen suka yi ƙaranci, masu jira suka yi yawa, sai dokar 2011 ta yarda wa hukumomin su ba sababbin shiga wa'adi, yawanci shekara 5, ba ƙasa da 2 ba. Kowace hanya da ribarta da hasararta. Zaman har abada yana sa iyali su kafu, yara su ɗore a makaranta ɗaya, amma ya kan toshe ƙofa ga mabukatan da ke baya. Wa'adi yana sa gida ya zagaya, amma ya kan hana mai zama sakin jiki. Duk wadda hukuma ta zaɓa, abin da ya wajaba shi ne mai shiga ya san ta a rubuce tun ranar farko.

6. YADDA A KE TA DA ƊAN HAYA

Dokokin jihohi game da karɓar gida daga hannun ɗan haya sun samo asali daga dokar 1945. In ba a rubuta wani wa'adi dabam cikin yarjejeniya ba, ga notis ɗin da a ke bayarwa: mai biya mako-mako, mako ɗaya; mai biya wata-wata, wata ɗaya; mai biya bayan wata uku-uku, wata uku; mai biya shekara-shekara, wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana 7 ta niyyar zuwa kotu. Bayan wannan sai kotu ta saurari kowa, ita ce kaɗai mai ikon ba da odar fitarwa.

Ba mai gidan da aka yarda masa ya kware rufi, ko ya sa kwaɗo, ko ya yanke ruwa, ko ya watsar da kaya waje. Gwamnati ma wannan hani ya hau kanta. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa Gwamnatin Soja ta Jihar Legas saboda ta fid da Cif Emeka Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfi, alhali magana tana gaban kotu.

Shi kuma ɗan haya wajibi ne ya biya a kan lokaci, ya karɓi rasit, kada ya sa wani a ɗakin ba da sanin mai gida ba, kada ya ɓata gini. Tabbacin zama ba izni ba ne na cin haƙƙin mai gida.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a su ke bi, ya shar'anta a san kuɗin haya, a san lokacinta. A wannan mazhaba mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware hayar da wa'adinta bai cika ba, magada ne ke tsayawa a madadin mamaci.

7. MATAR MAMACI DA MARAYU

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, a gidan da miji ya bar mace a ke yinta. Littafin Risala ya nuna tana da haƙƙin zama in gidan na mijin ne, ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Bayan haka tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas na gado, in mamacin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i in bai bari ba. Ba wani ɗan'uwan miji da ke da ikon sayar da gida kafin alƙali ya raba gado. In kwatas ne na aiki, ya kyautu Hakimi ya rubuta wa hukumar da ke da gidan, ya roƙi a jinkirta wa iyalin har su gama takaba su sami wurin komawa.

8. AIKIN MALAMIN HAKIMI

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata kowane ofishin Hakimi ya ajiye littafi guda mai lambar shafi, wanda ba a yage masa ganye, don maganar gida da gona kaɗai. Duk yarjejeniyar da aka kawo a shaida, malami ya rubuta waɗannan:

(a) Sunan mai bayarwa da mai karɓa, da sunan uban kowanne, da unguwarsu.

(b) Inda wurin ya ke, da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa.

(c) Irin riƙon da kalma ɗaya bayyananna: saye, ko haya, ko aro, ko jingina, ko amana. Kada a rubuta "an ba shi" kawai.

(d) Kuɗin da aka biya da wanda ya saura, da haruffa da lambobi.

(e) Ranar farawa da ranar ƙarewa, da wanda gyara ya ke wuyansa.

(f) Shaidu biyu aƙalla, tare da dagaci ko mai unguwa, da sa hannu ko dangwalen yatsa.

Sa'an nan a karanta takardar da ƙarfi a gaban kowa, don wanda bai iya karatu ba ya ji abin da ya dangwala wa yatsa. A yi ta uku, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya, ɗaya ta zauna a ofis. In gado ne, kada a shaida ciniki sai an ga takardar rabo daga kotu. In saye ne, a gaya wa mai saye a fili cewa hatimin Hakimi shaida ne, ba ya maye gurbin yardar Ƙaramar Hukuma ko satifiket na Gwamna, a kuma nuna masa ofishin da zai nufa. Malamin da ke da wata alaƙa da ɗaya daga cikin masu ciniki ya faɗa wa Hakimi, a sa wani ya rubuta.

In ƙara ta zo, Hakimi ya fara tambayar irin riƙon, sa'an nan takarda, sa'an nan shaidu. In sulhu ya yiwu a rubuta shi cikin littafin. In bai yiwu ba a tura su kotu, a kuma gargaɗi mai ƙarfi daga cikinsu kada ya taɓa kome sai an yanke hukunci. Shafi ɗaya da malami ya rubuta yau da kyau yana iya tsare wa marayu gidansu bayan shekara talatin, lokacin da shaidun duka sun kau.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Mene ne bambancin takardar rabon gida da satifiket?

2. Ɗan haya yana biya shekara-shekara, ba a rubuta wa'adi ba. Notis na wata nawa ya cancanta, mene ne kuma ya ke biyo bayansa?

3. Wani ya baro ƙauyensu saboda rashin tsaro, maƙwabcinsa yana so ya noma gonarsa. Me dagaci zai yi, me malami zai rubuta?

4. Wane iko ya rage wa Hakimi a kan fili bayan 1976 da 1978?